Akori-Kurar da Ke Jan Dama

Daga cikin motocin da ke kai da kawo a ƙasar Hausa, da wuya a sami wadda ta kutsa cikin rayuwar mutanen karkara kamar akori-kura. Ita ke kai hatsi kasuwar mako, ita ke ɗauko taki idan damina ta kawo jiki, ita ke kai amarya da gararta, a wasu ƙauyukan ma ita ce motar asibiti idan naƙuda ta gardama cikin dare. Sunan nata kansa abin lura ne, domin jimla ce sukutum aka dunƙule ta koma suna, kamar yadda aka yi wa fitilar nan aci-balbal. A shekarun baya samfurin Peugeot 404 da 504 ne suka cika hanyoyi, musamman bayan da aka buɗe kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975. Daga bisani Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968, ta karɓe fagen. Sai dai kaɗan ne daga masu irin wannan mota suka taɓa ganin ta tana sabuwa. Akasari ta hannu ake saye, wadda ta riga ta sha duniya a wurin wani, kuma mai saye ba ya sanin rabin abin da ta gani.

Irin wannan ce wani malamin gona ya saya bayan ya cika shekara 35 yana aikin gwamnati. Hilux ce, daga jerin waɗanda suka shigo kasuwa tun daga 2005, kuma kusan duk kuɗin sallamarsa ya zuba a cikinta. Lissafinsa mai sauƙi ne: motar za ta riƙa ɗauko hatsi daga kasuwannin ƙauye zuwa kasuwar Dawanau da ke Kano, abin da ta samo a ci, a biya kuɗin makarantar yara, a rage na gyara. Ya damƙa ta a hannun ɗan ƙanwarsa, matashi mai natsuwa wanda ya yi shekaru yana karen mota kafin ya sami lasin.

A cikin watan Agusta, ana tsakiyar marka, garken shanu ya ratso hanya dab da magariba. Yaron ya kauce dama, ƙafar gaba ta dama ta daki bakin kwalbati, ta baya ma ta bi sahu ta daka, motar ta yi tsalle ta tsaya cikin gona. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Abin da ido ya gani shi ne bamba ta lanƙwashe, fitila ta fashe, gefen motar ya lotse, taya ta yage, wilinta ya karkace. Aka ja ta zuwa wurin mai gyaran jikin mota, ya bubbuga, ya shafe, ya fesa fenti, aka sa wani wili da wata taya. Bayan mako biyu ta fito tana ƙyalli, har maƙwabta na cewa ta fi ranar da aka sayo ta kyau. Malam ya yi hamdala, ya ɗauka magana ta ƙare.

A nan ne mafi yawan masu mota ke yaudarar kansu. Jikin mota fatar gwangwani ce, lotsewarta a fili take, gyaranta ma a fili yake. Ƙarfin karo kuwa ba a kan gwangwani yake tsayawa ba. Idan taya ce ta fara dukan abu, bugun yana bi ta wili ya shiga ƙarafan da ke riƙe da ƙafa, daga nan ya wuce zuwa sandunan sitiyari, ragowarsa ta isa ƙashin motar, wato shasi. Duk waɗannan suna ƙasa, cikin laka da baƙin mai, kuma karkacewar da ba ta wuce kaurin ɗan yatsa ba ta isa ta sauya tafiyar mota gaba ɗaya.

Direban ne ya fara kawo ƙorafi, kwana uku da komawa aiki.

"Kawu, motar nan ba yadda take a da ba. Da zarar na sassauta hannu sai ta nufi gefen dama. In na sha kwana kuma sitiyarin ba ya dawowa da kansa sai na jawo shi. Ko a miƙaƙƙiyar hanya ma a karkace yake tsayawa."

"Kai dai tsoro ne ya shige ka tun ranar nan," in ji Malam. "Mota ta fito fes, ka ce ba lafiya? Ka riƙe sitiyari da kyau kawai."

Yaron ya yi shiru, domin wanda ya jefa motar kawunsa a kwalbati ba ya da bakin musu. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da ƙorafin ya yawaita, sai aka kai ta wurin wani saurayin bakanike a bakin tasha. Shi kuwa bai ko leƙa ƙarƙashinta ba. Ya kwance notin tsakiyar sitiyari, ya zare shi, ya mayar da shi a miƙe, ya ɗaure. Cikin rabin awa sitiyari ya daidaita a ido, aka biya shi aka tafi. Wannan shi ne barin jaki a doki taiki. Sitiyarin da ya karkace saƙo ne yake isarwa daga ƙasa, wanda ya juya shi kuwa ya toshe bakin ɗan aike ne kurum. Ban da haka, a cikin wuyan sitiyarin motocin zamani akwai wata siririyar waya a nannaɗe, mai kai wuta ga hon da jakar iskar da ke kare direba, kuma an nannaɗe ta ne daidai da tsakiyar juyi. Idan aka yi ta sauya mazaunin sitiyari ba lissafi, tana iya tsinkewa.

Motar ba ta daina jan dama ba. Aka sake kai ta wurin masu saitin ƙafa, suka sassauta nan suka ɗaure can, suka ce ta hau. Ta ɗan yi dama-dama na 'yan kwanaki. Kafin wata guda ya cika, sabuwar tayar gaba ta soma cinyewa ta gefe ɗaya, alhali ɗaya gefen ko gashinsa bai kakkaɓe ba. Ganin tayar ne ya sa jikin Malam ya yi sanyi, domin taya ba ta san tsoro ba balle a ce shi ya cinye ta. Ga kaka ta gabato, lokacin da ake sa ran motar za ta biya bashin da aka ci wajen gyaranta. Ga shi kuma ranar kasuwa ba buhuna kaɗai take ɗauka ba, har da masu buhunan, a zaune a kansu.

Wani tsohon abokin aikinsa ne ya kwatanta masa wani dattijon bakanike a bayan gari, wanda ya koyi sana'a tun zamanin 404. Garejin nasa ba wani abin kallo ba ne: inuwar darbejiya, rami guda, jak biyu, da yara huɗu. Abin da ya fara ba Malam mamaki shi ne dattijon bai nemi sifana ba. Direban ya kira, ya zaunar da shi a kan benci.

"Yaro, ka gaya mini yadda abin ya faru. Wace ƙafa ce ta fara duka? Sitiyarin yana miƙe ko ka riga ka murɗa shi? Akwai kaya a baya? Ƙafar baya ta taɓa kwalbatin ko ta tsallake?"

Daga nan ya koma kan halin motar a yanzu. Jan da take yi, kullum ne ko sai an taka birki? Yana ƙaruwa idan an yi lodi? Tana rawa a hannu idan ta kai kilomita 80 a awa? Akwai ƙara idan ta faɗa rami? Malam ya ƙosa, ya ce, "Alhaji, ai da ka duba motar, ga ta nan a gabanka." Dattijon ya amsa cewa motar ba ta gudu, kuma wanda ya yini a cikinta ya riga ya yi rabin binciken, saura a karɓa daga bakinsa.

Tambayoyin nan ba na ɓata lokaci ba ne, domin kowace amsa tana rufe wata ƙofa. Motar da ke ja sai an taka birki, laifin na birki ne. Wadda ke rawa idan ta kai wani gudu, a nemi wili ko taya. Wadda ke yawo hagu da dama kamar mashayi, akwai gaɓar da ta saki. Wadda kuwa ke ja gefe ɗaya ko da yaushe, kuma sitiyarinta ba ya komawa tsakiya, to tsayuwar ƙafafunta ce ta sauya.

Duk da haka bai zarce can ba. Ya fara da abin da ba ya cin kuɗi. Ya sa aka auna iskar tayoyi huɗun da geji, domin tayar da iskarta ta gaza tana jan mota zuwa ɓangarenta. Ya sa aka musanya tayoyin gaba, ta hagu ta koma dama, ta dama ta koma hagu, saboda akwai tayar da ke jan mota don aibin da ke cikin saƙarta, kuma da ita ce mai laifin da jan ya koma hagu ko ya ɓace. Suka fita gwaji. A nan ma ya yi wata lura da ba kowa ke yi ba. Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972 ake tuƙi ta hannun dama a Nijeriya, kuma ana gina kwalta da ɗan tudu a tsakiya don ruwa ya gangara gefe, saboda haka ko lafiyayyar mota takan ɗan zame dama a hankali. Don kada gangaren hanya ya ruɗe shi, sai ya nemi wani shimfiɗaɗɗen fili ya gwada ta a can. Ta ja dama kamar yadda ta saba. Da suka dawo ya kai bayan hannunsa kusa da kowane wili yana jin zafi, ko akwai birkin da ke kamawa. Duka ɗumin ɗaya ne. Taya ta fita daga zargi, birki ma ya fita.

Sannan aka ɗaga gaban motar. Ya kama taya ta gefe da gefe ya girgiza, ya sake kama ta sama da ƙasa ya girgiza. Girgizar farko tana tona asirin sandar da ke tura ƙafa, wadda kanikawa ke kira tayarod, ta biyun kuma tana nuna ko boris ya ci ko gaɓar da ƙafa ke juyawa a kanta ta saki. Aka sauke motar, ya sa direban ya riƙa kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, shi kuma yana cikin rami da tocila yana bin kowace mahaɗa da ido da hannu. Ya duba wasan sitiyari, wato iyakar motsin da yake yi kafin ƙafa ta amsa, wanda a littafin gyaran irin wannan mota bai kamata ya wuce milimita 30 ba. Bai wuce ba. Ke nan ba abin da ya saki. Abin da ya rage shi ne wani abu ya lanƙwashe, kuma lanƙwasa ta fi saki wuyar ganewa, tunda ƙarfen da ya lanƙwashe ba ya ƙara, ba ya motsi, yana nan daram a gurɓataccen mazauninsa.

Ya tsayar da ƙafafun a miƙe, ya murɗa sitiyari har ƙarshe ta hagu yana ƙirga, ya dawo ya murɗa har ƙarshe ta dama. Ɓangarorin biyu ba su zo daidai ba. Bambancin bai kai rubu'in zagaye ba, amma ya ishe shi shaida. Ya ɗago kai ya ce, "Wani ya cire kan sitiyarin nan." Malam ya amsa da ƙyar. Dalilin wannan gwaji shi ne, a irin wannan mota sitiyari yana tura wata doguwar sanda mai haƙora ce zuwa hagu ko dama, kuma idan mota na tafiya a miƙe dole sandar ta kasance a tsakiyarta. In ba ta can, to ɗaya daga cikin sandunan da ke haɗa ta da ƙafafu ta gajarce. Ya ƙirga zaren da ya fito fili a tayarod ɗin hagu, ya ƙirga na dama, sai ga na dama ya fi yawa nesa ba kusa ba. Masu saiti sun yi ta warware shi ne don su cike gurbin tsawon da lanƙwasa ta cinye. Da aka kwance sandar aka mirgina ta a kan faffaɗan ƙarfe, sai ta riƙa ɗingishi.

Malam ya yi ajiyar zuciya, ya ce to alhamdu lillahi an gano. Dattijon ya girgiza kai. Ya bayyana masa cewa ƙafar gaba tana da tsayuwa iri uku. Akwai yadda bakin tayoyin biyu ke fuskantar juna ko bauɗe wa juna, kamar mai tafiya da yatsun ƙafa a ciki ko a waje. Wannan ne tayarod ke saitawa, kuma idan ya ɓaci taya yake ci, ya karkatar da sitiyari, amma ba kasafai yake jan mota gefe ba. Akwai jinginar taya, ko samanta ya kwanta ciki ko waje. Sai na uku, wanda ido ba ya gani: sandar da ƙafa ke juyawa a kanta ba a tsaye cak take ba, samanta ya ɗan kwanta baya, kamar yadda ƙahon keke yake. Wannan kwanciyar ce ke sa mai keke ya saki hannu keken ya ci gaba a miƙe, ita ce kuma ke dawo da sitiyari tsakiya bayan kwana. Idan ta ragu a ɓangare ɗaya, mota takan ja zuwa wannan ɓangaren. Abubuwa biyun da yaron ya faɗa tun ranar farko ke nan, kuma tayarod bai isa ya bayyana su ba.

Aka kawo tef ɗin awo. Ya auna daga tsakiyar ƙafar gaba zuwa tsakiyar ta baya a hagu, ya auna a dama. Abin mamaki, awon ya zo kusan ɗaya. Babban yaron garejin ya ce, "Maigida, ai lafiya lau take." Wani bakaniken da a nan zai naɗe tef ɗinsa. Shi kuwa ya tuna direban ya ce ƙafar baya ma ta daki kwalbatin. Idan ta gaba ta matsa baya, ta bayan ma ta matsa baya, tazarar da ke tsakaninsu ba za ta nuna komai ba, kamar mutum biyu ne a sahu suka ja da baya tare. Saboda haka ya bar auna ƙafa da ƙafa, ya koma auna kowace ƙafa daga ramukan da kamfani ya huda a jikin shasi, waɗanda suke daidai wa daida a hagu da dama. Bai yarda ya auna daga jikin motar ba, tunda guduma ta riga ta bi ta kansa. Nan take gaskiya ta fito. Ƙafar gaba ta dama ta koma baya da kimanin kaurin yatsa, saboda hannun ƙarfen da ke riƙe ta daga ƙasa ya tanƙware. A jikinsa ma akwai wurin da tsatsa ta ɓantare, ƙarfe ya fito fari, alamar inda ya lanƙwashe.

Don ya nuna wa Malam na bayan da idonsa, sai ya sa aka kwarara ruwa a ƙasa, aka bi ta kai da motar a miƙe zuwa busasshen wuri. Sawun ƙafafun baya bai hau kan na gaba yadda ya kamata ba, ya zame dama. Wannan ita ce tafiyar kare, wadda ake ganin wasu motocin kaya na yi a hanya, gaba na nan baya na can. A ƙarƙashin akori-kura, aksul ɗin baya yana ɗaure ne a jikin ganyayen sifirin, kuma ƙusa guda ce a tsakiyarsu ke riƙe shi a mazauninsa. Bugun kwalbati ya gutsure kan ƙusar ta dama, aksul ya zame baya ta wannan gefen. Mako shida ke nan motar na ɗaukar buhuna da mutane, ba abin da ke riƙe da wannan ɓangaren sai matsin ƙarafan da suka rungume sifirin. Da Malam ya ga guntun ƙusar a tafin hannun dattijon, bai ce komai ba. Ya juya ya dubi ɗan ƙanwarsa, yaron ya sunkuyar da kai kamar shi ne aka kama da laifi.

Saura tambaya mafi nauyi, wato ko shasin kansa ya karkace, domin in ya karkace duk sabon ƙarfen da aka ɗaura masa a karkace zai zauna, kuma kuɗin miƙar da shi ya fi ƙarfin aljihun ɗan fansho. Aka auna shi a gicciye, daga kusurwar gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama, sannan daga ta gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, irin yadda magini ke gwada harsashin ɗaki. Awon biyu suka zo ɗaya. Ƙananan ƙarafan sun shanye bugun, sun tsirar da babban.

Ya ƙara gwaji ɗaya kafin ya rufe bincike. Idan mota na shan kwana, ƙafar da ke ciki tana juyawa fiye da ta waje, saboda da'irar da take bi ta fi ƙanƙanta. Wani maƙerin keken doki na birnin Munik a Jamus, Georg Lankensperger, shi ya tsara wannan dabara, Rudolph Ackermann kuma ya yi mata rajista a Ingila a 1818, har sunansa ya bi ta. Ɗan hannun da tayarod ke kamawa a jikin ƙafa shi ke samar da wannan bambanci, kuma idan ya lanƙwashe, mota na iya tafiya daidai a miƙe amma ta riƙa gurzar taya a kowace kwana. Dattijon bai san sunayen Turawan nan ba, amma ya san gwajin. Bayan an sa sabuwar sanda ya gwada juyin hagu da na dama, ya tarar ɗan hannun bai taɓu ba.

Da aka zo batun kuɗi, Malam ya kawo shawarar da kowa ke kawowa.

"Alhaji, wannan hannun ƙarfen, ba za a kai wa mai walda ya gasa shi ya miƙar ba? Wallahi aljihun ya yi ƙasa."

"Malam, ana yi, amma ba a garejin nan ba. Ƙarfen da ya lanƙwashe ya riga ya gaji. In aka sa masa wuta zai miƙe a ido, ƙarfinsa kuwa ya tafi, kuma ba zai gaya maka ranar da zai karye ba. In bamba ce ko ƙofa, a gasa. Abin da ke riƙe da ƙafa kuwa sai dai a sake."

Malam ya kwana yana lissafi. Washegari ya sayar da tumaki biyu daga cikin waɗanda yake kiwo don layya, ya shiga kasuwar Ƙofar Ruwa tare da babban yaron garejin, suna riƙe da tsofaffin ƙarafan don gwadawa. Dattijon ya gargaɗe su cewa kayan da aka ciro daga wata motar ma suna iya zama na mai haɗari, don haka su jera wanda za su saya da na hagu mai lafiya, wanda ya sa aka kwance musamman, su tabbata ba bambanci sai na hagu da dama.

Aikin ɗaurawa ya bi tsari. Aka fara da baya, aka mayar da aksul mazauninsa da sabuwar ƙusa da sababbin ƙarafan runguma, domin ƙafafun baya ne ke nuna inda mota ta dosa, na gaba a kansu ake saita su. Aka sa hannun ƙarfen gaba, amma ba a ƙarasa ɗaure notinsa ba sai da aka sauke motar ta zauna da nauyinta, don kada robar da ke cikinsa ta murɗe. Aka dawo da sandar haƙora tsakiyarta, aka cire kan sitiyari aka mayar da shi inda kamfani ya sa shi tun asali. Bayan duk wannan ne dattijon ya tura su wurin masu saiti da na'ura, yana cewa yanzu ne aikinsu zai yi amfani.

A filin da aka yi gwajin farko, direban ya saki sitiyari motar ta miƙe, ya sha kwana sitiyarin ya zamo ta cikin tafinsa ya koma tsakiya. Tayar da ta cinye aka mayar da ita safaya. Dattijon ya ce a yi lodi biyu ko uku a dawo masa da motar ranar Asabar, domin sababbin ƙarafan da ke rungume sifirin sukan ɗan saki bayan sun ɗauki kaya, sai an sake bin notinsu da sifana.